Hita a mota mai buɗaɗɗen sama a zafin Kabi, in gyara ko in sa a cire?

ɗan_Badariya:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin mota ku ba ni shawara. Na sayi Marsandi SLK 230 tokumbo ƙirar 2001, irin ƙaramar nan mai kujera biyu da in ka danna maɓalli rufinta ke naɗewa ya shige but. Injin lafiya lau, ba hayaƙi ba ƙara, amma tun da aka kawo ta na lura kafet ɗin wajen kujerar mai zaman banza kullum a jiƙe yake, ruwan lagireto yana raguwa kaɗan kaɗan, sannan ko AC na kunna sai in ji wani ɗumi yana bugun ƙafata ta ƙasa. Na kai gareji, bakaniken ko leƙawa bai yi da kyau ba ya ce hita ce ta fashe, wai a yanke tiyonta a toshe kowa ya huta, har ya ce a haɗa da cire tamostat, abin nan da ke daidaita zafin injin, tunda nan ba Turai ba ne. Kuma gaskiya maganarsa ta ɗan shige ni, Birnin Kebbi ce fa, a watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40, motar kuma dama don a buɗe ta a sha iska aka yi ta, to me zan yi da hita? Amma zuciyata ta ƙi kwanciya, motar nan na daɗe ina burinta ba na so tun yanzu a fara mata yanke-yanke. Ku da kuka sani, mota irin wannan tana buƙatar hita a ƙasarmu ko asarar kuɗi ce gyaranta?

Direban_Yawuri:

Wa alaikumussalam. Alhaji ka cire abinka kawai. Ni haya nake yi tsakanin Yawuri da Birnin Kebbi ta Koko da Jega, duk motocin tasharmu ban san wadda hitarta ke aiki ba kuma ba abin da ya same mu, in sanyi ya zo mutum ya sa rigar sanyi ya ja hula. Kuma ka sani kafin a kai ga hitar nan sai an kwance dashbod, in yaran gareji suka kwance ma dashbod ɗin Marsandi wallahi ba zai koma yadda yake ba, wani abu sai ya karye, wani ya riƙa ƙara duk ramin da ka shiga. Kuɗin ka zuba su a AC da tayoyi masu kyau ya fi ma.

Maigareji_Jega:

Allah ya sanya alheri ƙanena, Allah ya tsare. Kafin a zo kan a cire ko kar a cire, ni abin da ya fi damuna ba a ma tabbatar hitar ce ta fashe ba. Kafet yana jiƙewa ta hanya fiye da ɗaya. Akwai ɗan tiyon da ke zubar da ruwan AC ƙarƙashin mota, in ƙura ta toshe shi ruwan ciki yake dawowa, sannan mota mai naɗaɗɗen rufi robobin gefen rufin suna bushewa da ranarmu, ruwan wanki kawai ya isa ya shiga. Ka sa yatsa ka taɓa jiƙon. In ruwa ne zalla ba santsi ba wari, ba hita ba ce. In ka ji santsi da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ko ka ga launi a jikin farin tsumma, to ruwan injin ne. Wanda ya san aiki zai sa famfon gwaji a bakin tankin ruwan ya matsa iska ya ga ta ina yake ɗiga, don raguwar ruwa tana iya zama daga tiyo ko famfon ruwa ko murfin ma kansa.

Ɗumin da kake ji a ƙafa kuma wata magana ce daban. Marsandi na shekarun nan da yawa suna da bawul na lantarki a cikin bonet da ke buɗe wa ruwan zafi hanya zuwa hita ya rufe, kuma yadda aka yi shi in wuta ba ta kai masa ba a buɗe yake tsayawa, shi ya sa za ka kunna AC amma zafi na shigowa. Wannan ba sai an taɓa dashbod ba, a duba fis da soket ɗinsa, in ya maƙale a wanke ko a canza.

Mutane suna ɗauka hita wata na'ura ce da ke cin mai, a'a. Ƙaramar lagireto ce aka ɓoye bayan dashbod, ruwan da ya riga ya ɗauko zafin injin shi ke bi ta cikinta fanka ta huro ma, zafin da dama zubar da shi za a yi. AC ce ke da kwamfreso da ke jan injin. Kuma saboda lagireto ce tana da wani amfani da direbobin da suka daɗe suka sani: in kana hanya allurar zafi ta fara hawa, ka kashe AC ka murɗe hita har ƙarshe fanka ma har ƙarshe, tana rage wa injin zafi ka samu ka kai inda za ka tsaya lafiya. A motarka ma abin ya fi sauƙi tunda sama a buɗe take zafin ba zai dafa ka ba.

In an gwada an ga hitar ce da gaske kuma ba kuɗi yanzu, ana iya kewaye ta, amma a haɗa tiyo biyun da juna ruwa ya ci gaba da zagayawa, a ɗaure da kilif mai kyau, kar a yanka komai a jikin bututun hitar, a rufe bakinsu don ƙura, ran da ka samu hali a mayar. Toshewa da katako ko tsohon fulogi da ake yi ban yarda da shi ba, akwai injinan da hanyar nan ce ruwa ke fita daga bayan kan injin.

Tamostat kuwa don Allah kar ka bari a taɓa shi. Aikinsa ya riƙe injin a zafin da aka tsara masa, wajen digiri 90, in aka cire injin yana daɗewa bai ɗumama ba, kwamfutar motar tana ganin har yanzu da sanyi sai ta yi ta ƙara mai, ka sha mai a banza fulogi su yi baƙi. In ya lalace sabo ake sawa. Kuma ka daina zuba mata ruwan rijiya ko na leda zalla, shi ke cinye hita da lagireto da tsatsa tun farko. Ka sa kulant, wato ruwan sanyaya inji na musamman, irin wanda Marsandi ta ce, a gauraya rabi da rabi da tataccen ruwa in ba gaurayayye ka saya ba, yana hana tsatsa kuma ba ya saurin tafasa kamar ruwa. Guba ne fa kuma yana da zaƙi, kar a bar shi a buɗe inda yara ko awaki za su kai baki, kuma kar ka buɗe murfin ruwa injin na da zafi.

Bakabe_Argungu:

Direban Yawuri ka yi haƙuri, amma motarku rufe take kuma cike da mutane, wagga kuwa mutum ɗaya ko biyu ne iska na dukansu. Malam ɗan Badariya kai watan Afrilu kaɗai ka tuna, ka mance Disamba da Janairu? A watan Afrilu da rana ma ba ka iya buɗe rufin, kujerar fata sai ta ƙona ma baya, sitiyari ba ya taɓuwa. Lokacin da za ka ji daɗin buɗe ta shi ne da sassafe da bayan magariba da kuma hunturu in hazo ya yi sauƙi, wato dai lokacin sanyi. Ka taso daga Birnin Kebbi bayan sallar asuba a Janairu ka kamo hanyar Argungu, sanyi na saukowa wajen digiri 15, in ka zo daidai fadama ya ƙara, kana gudun kilomita 100 ba rufi. Ka dubi 'yan kabu-kabu da safen nan, safar hannu, rawani, jaket kan jaket, ido na hawaye, to kusan hakan za ka zama. Yatsun da sunka ƙage a kan sitiyari hatsari ne.

Kuma iskar ba ta gaba take shigowa ba, gilashin gaba na ture ta sama sai ta juyo ta bayanka ta bugi ƙeya da wuya. Shi ya sa anka yi ragar nan da ake sawa bayan kujeru, kuma a SLK da ta biyo bayan taka, ta 2004, Marsandi har hita sunka sa a jikin kujera tana huro ɗumi a wuya, suna kiranta Airscarf. Ka ɗaga gilasan gefe, ka juya hita zuwa ƙafa, sai ka yi tafiyarka sama buɗe jikinka da ɗumi.

Maman_Ilham_Gesse:

Ni ta damina zan yi magana don ita na gani da idona. Motar maigidana an kewaye mata hita kafin mu saya, muna dawowa daga Zuru a watan Agusta ruwa ya tsuge da yamma, muka rufe gilasai, nan da nan gilashin gaba ya yi fari fat daga ciki. Waifa tana share waje ne kawai. Ina gogewa da gefen mayafi yana tuƙi yana leƙe ta ɗan wurin da na goge, manyan motoci na wucewa suna watso ruwa, yara a baya sun yi tsit. AC tana taimakawa amma in ka daɗe da ita a cikin ruwa kowa rawar sanyi yake, da ka kashe raɓar ta dawo. Daga baya da aka gyara hitar sai muka ga in an haɗa AC da ɗan ɗumi aka juya iskar sama gilashin yana washewa da sauri kuma ba ya sake yi. Taka motar cikinta ƙarami ne, numfashin mutum biyu kawai ya isa ya rufe gilashin. Yaya don Allah ka gyara, ko ba yanzu ba kafin ruwa ya sauka.

ɗan_Badariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Oga Maigareji na je na taɓa kafet ɗin yanzu, akwai santsi kuma ƙamshin da ka faɗa yana nan, tsumman ma ya ɗan yi kore. Tamostat dai na ce a bar min shi. In an kewaye ta na ɗan lokaci zan iya ci gaba da hawa zuwa ofis kafin a samo wata?

Maigareji_Jega:

Za ka iya, amma a fara gwajin famfon tukuna don wani lokaci bakin haɗin bututun ne ke ɗiga ba cikin hitar ba. In an kewaye a fitar da iskar da ta shiga layin ruwan sosai, ka riƙa duba tanki da safe kafin ka tada ita. A ɗage kafet ɗin a shanya shi da soson ƙarƙashinsa, akwai wayoyi da na'urori a wajen ƙafar fasinja da ba sa son jiƙo. Kuma in za ka sayi hitar tokumbo ka sa a toshe baki ɗaya a hura mata iska a cikin bokitin ruwa a gabanka, in kumfa ya taso kar ka biya.