Tikitin shiga Alhambra ya ƙare, ina mafita?

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya taɓa zuwa Garnaɗa a ƙasar Sifaniya ya taimaka mini, kaina ya ɗaure.

Ina so in kai Baba ziyara wata mai zuwa. Tun muna yara yake ba mu labarin Andalus, da yadda daular Musulmi ta ƙarshe a can, wato ta Garnaɗa, ta faɗi a 1492. Burinsa ya ga rubutun "Wa la galiba illallah" da ke jikin bangon fadar sarakunan wannan daula, Banu Nasr, a cikin Alhambra, da idonsa. Biza ta fito, na biya jirgi zuwa Malaga, na kama masauki na kwana uku. Sai da na zo sayen tikiti na tarar na shiga fadar ya ƙare kaf a ranakun nan. Na lambun Generalife da ganuwar Alcazaba kawai ya rage. Laifina ne, na ɗauka a bakin ƙofa ake saya.

Na ga masu sayarwa haɗe da ɗan jagora, amma kuɗin ya ninka, kuma tikitin da sunan mutum yake fita, ana duba fasfo, ina tsoron a damfare ni. Akwai wanda ya gwada katin Granada Card, na masu yawon buɗe ido a Garnaɗa, ya samu shiga? Ziyarar dare fa, tana da sauƙin samu? Baba yana fama da gwiwa, ga wurin a kan tudu, ba zan sa shi layin asuba a kan wataƙila ba. Har yanzu ban iya gaya masa ba.