Wanda ya rasu ya fita daga zuri'a ne?

Auta: Salamu alaikum. Jiya na ji wani yana cewa zuri'a ba masu rai kaɗai ba ce, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, duk jama'a ɗaya ce. Ni kam maganar ta shige ni.

Yaya: Auta, a bi a hankali. Da irin wannan zance mai daɗi aka fara. Wadda, Suwa'u, Yagusu, Ya'uƙu da Nasru da aka ambata a Suratu Nuhu, aya ta 23, Ibn Abbas ya ce mutanen kirki ne. Da suka mutu aka kafa musu gumaka don tunawa kawai. Masu kafawar suka shuɗe, ilimi ya gushe, na baya suka kama bauta musu.

Gwaggo: To wa ya ce a sassaƙa gunki, ɗan nan? Ni kullum bayan asuba sai na kira iyayena da kakannina ɗaya bayan ɗaya, ina jan carbin da Inna ta bari, na roƙa musu gafara. Shirka na yi ke nan?

Yaya: A'a Gwaggo, ban faɗa ba.

Kawu: Ku duba wa ake roƙo. Gwaggonku tana roƙa musu ne, ba su take roƙo ba. A Suratul Hashri, aya ta 10, an yabi na baya masu neman gafara wa 'yan'uwansu da suka riga su imani. Sun mutu, amma 'yan'uwa aka kira su. Hadisin Abu Huraira a Muslim kuma ya ce aikin mamaci na yankewa sai uku: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Da igiyar ta tsinke, ta ina addu'ar za ta kai?

Auta: Kuma ba mu kaɗai ne ke girmama mamata ba. A Sin, farkon Afrilu suna zuwa share kaburburan kakanni. Mabiya Katolika ranar 2 ga Nuwamba suke yi wa matattunsu addu'a.

Yaya: Kar ki haɗa su a kwando ɗaya. A can Sin har kuɗin takarda ake ƙonawa wai su isa ga mamaci. Na yarda da Kawu kan addu'a, amma "girmamawa" kalma ce mai santsi.

Gwaggo: Naji. To malam mai tsoron santsi, ya sunan kakan babanku?

Yaya: Gwaggo, bari na tambayi Kawu.

Gwaggo: Ka zo gobe da biro da takarda.