Wa ya taɓa wanke injin motarsa da kansa a gida?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya na ɗaga bonet zan duba baƙin mai, sai na tarar ƙura da maiƙo sun haɗu sun yi dabe a kan inji, har na kasa gane inda mai yake tsattsafowa. Ina so in wanke da hannuna, amma ina tsoron ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mini yadda ta kaya.

Wani direba: Wa alaikumus salam. Na taɓa yi, ban kuwa ji da daɗi ba. Na aro injin wankin mota mai feshi da ƙarfi, na bi ko'ina da shi, inji ya fito fes. Da na tayar sai mota ta kama karkarwa, fitilar inji ta kunna a dashbod. Mai wayarin da ya zo ya zare kwayil huɗun da ke kai wa fulogi wuta, ya samu ruwa kwance a ramin fulogi biyu, wuta ba ta kaiwa. Ya busar da iska, ta dawo daidai. Ya ce mini robar da ke bakin soket da kwayil an yi ta ne don fantsamar ruwan sama, ba ta iya tare ruwan da aka harba da ƙarfi. Ɗan'uwa, ka ajiye wannan injin feshin gefe.

Tsohon bakanike: Malam direba ya yi sa'a, a fulogi ta tsaya masa. Na taɓa sauke injin da ruwa ya bi ta bakin iyakilina, wato matatar iskar inji, ya shiga silinda. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, fistin ya taso ya same shi, kwanrod, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe. Aikin kwana da kwanaki ya zama.

Yaro, fara da barin inji ya huce, har ka iya ɗora tafin hannunka a kai ka bar shi. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana iya tsaga shi, musamman bakin salansa inda ya manne da inji, kuma sabulun ma bushewa zai yi kafin ya ci dattin. Sai ka cire kan batir mai alamar ragewa, yawanci sifana mai lamba 10 ke kwance shi, ka kawar da wayar gefe yadda ba za ta taɓa ba. Ka sa leda ka ɗaure altaneta, da akwatin fiyus, da bakin shigar iska, da ƙwaƙwalwar mota idan tata a cikin bonet take. Tsohuwar mota mai distiributa, shi ma a rufe shi ruf. Kafin ruwa ya taɓa komai, ka share busasshiyar ƙura da ganyen da ke maƙale ƙarƙashin gilashin gaba da burushi. Daga nan ka fesa ruwan cire maiƙo inda dattin yake, ka ba shi kamar minti 5, ka cuɗa da burushin fenti, ka ɗauraye da ɗan ruwa mai zuba a hankali. Da ka gama, ka goge da tsumma, ka kwance ledojin duka, ka ƙirga su kada ka manta ɗaya a kan altaneta, ka bar bonet a buɗe ya sha iska. In ya bushe ka mayar da batir ka tayar da mota ka bar ta a silo, wato tana aiki a tsaye, minti 10 zuwa 15.

Wata mai mota: Baba, Allah ya ƙara girma. Ni kam tiyo ba ya kusantar injina. Kwalbar feshi guda ta ruwan sabulu, tsohon burushin haƙori da tsumma uku nake amfani da su, ina bi lungu-lungu. Yana cin lokaci, amma hankalina a kwance yake. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir kuwa, hodar bekin soda (baking soda) nake kwaɓawa da ruwa in goge shi, da safar hannu ta roba, domin asid ne, ya taɓa huda mini riga. Ina kuma shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota don ruwan mai kada ya bi magudana.

Wani mai gyaran wayarin: Abin da Hajiya take yi shi nake ba mutane shawara, musamman a sababbin motoci masu sensa ko'ina. Abu ɗaya nake roƙo: kada kowa ya wanke inji da fetur. Na ga wanda ya yi, sifana ta haɗa kan batir da bodi, tartsatsi ya tashi, wuta ta kama tururin, sai da hannunsa ya ƙone. Fetur yana kuma busar da robobi da tiyon ruwa su tsattsage. Wanda motarsa mai haɗa fetur da lantarki ce, wayoyin nan masu launin ruwan lemo wuta mai ƙarfi ce a cikinsu, kada ya taɓa su ko ya jiƙa su.

Direban ɗazu: Na manta, cire batir yana goge agogo da tashoshin rediyo, wasu rediyoyin ma sai an sa musu lambar sirri. Ka nemo taka tukuna.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da safe na yi, na haɗa ledojin Baba da kwalbar feshin Hajiya. Ta tashi bugu ɗaya. Fambel, wato bel ɗin inji, ya ɗan yi ƙara da farko saboda laima, ya daina kafin minti biyu. Bayan na zagaya na dawo na ɗaga bonet, sai ga sabon mai siriri yana gangarowa daga gasket ɗin murfin saman inji, ta ɓangaren baya. Baba, wannan gasket ɗin zan iya canza shi a gida, ko in kai wa bakanike?