Damisa ƙi sabo: yabo ne ko zagi?

Bakatsiniya: Jama'a, a taimaka. Jiya a gidan biki a Ƙofar Ƙaura wata dattijuwa ta kira wani maƙwabcinmu "damisa ƙi sabo", mutane suka yi tsit. Yabonsa ta yi ko zaginsa?

Ɗan Kusugu: Hajiya, a Daura mun fi faɗarsa ga mutumin da kullum kuke tare amma bai yarda raini ya shiga tsakani ba. Yau ku ci tuwo tare, gobe ka gaishe shi kamar baƙo. Ni dai ban ɗauke shi yabo ba.

Tsohon Malami: Ɗana, ka dubi dabbar tukuna. Damisa ita kaɗai take farauta, kuma duk ranar da ta kama barewa, zaki da kura suna iya ƙwace mata. Shi ya sa take cafke wuyan abin da ta kashe, ta haye bishiya da shi, wani lokaci ma ya fi ta nauyi, ta rataye shi a reshe. Wanda ya san ana hanƙoron abincinsa ba zai saki jiki da kowa ba. Wannan hattara ce, ba girman kai ba.

Ɗan Kusugu: To Baba, ai ba ita kaɗai ake yi wa ƙwace ba.

Tsohon Malami: Gaskiyarka. Akwai puma, wata babbar kyanwar daji, a nahiyar Amurka, daga Kanada har kudancin Chile. Babbarta ba ta da ɗigo-ɗigo, ba ta ruri, kuma ba su taɓa haɗa daji da damisa ba. Amma halinsu ya zo ɗaya: ita ma ita kaɗai take yawo. Bambancin shi ne ba ta hawa da nama sama, sai ta ja shi cikin duhuwa ta rufe da ganye da ƙasa. Da aka mayar da kyarketai gandun dajin Yellowstone na ƙasar Amurka a 1995, puma ta ƙara komawa cikin duwatsu, domin taron kyarketai ya fi ƙarfin guda.

Bakatsiniya: Ke nan mai tsare kansa ake nufi?

Ɗan Kusugu: A daji na yarda. Amma maƙwabci ba kura ba ne, Baba. Mutumin da ke zaune cikin 'yan'uwansa yana yi musu kallon masu ƙwace, ba zan kira shi mai hattara ba.

Bakatsiniya: Shi kam mutumin kirki ne, wasa ne kawai ba ya so. Gobe zan je in tambayi dattijuwar da bakinta.