Abin da na tsinta daga hirar da muka yi kan aikin lakcara a kimiyyar siyasa

Jiya mun daɗe muna hira da wasu malaman jami'a kan mai son zama lakcara a kimiyyar siyasa kuma hankalinsa na kan birane, to ga abin da na kwaso. Kusan kowa ya ce ka gama digirin digirgir da wuri, don in babu shi ba za ka yi nisa a matakan aiki ba, kuma in ka samu gurbi ka nemi tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu.

Amma inda aka fi daɗewa shi ne batun fita fili. Wani dattijo cikinsu ya ce siyasar Kano ba a ofis take ba, tana wajen mai unguwa da dillalan filaye da 'yan kasuwar Kurmi da masu tura kurar ruwa a Ɗorayi, ka je ka zauna kan benci ka sha shayi da su ka saurara, ni wallahi nan ya fi kama ni. Sai kuma wuraren ajiye tsoffin takardu, Arewa House a Kaduna da Mambayya House a Kano.

Sun ce ka koyi haɗa taswira da kwamfuta da ɗan lissafi, ka riƙa tura rubutu CODESRIA, cibiyar binciken kimiyyar zamantakewa ta Afirka da ke Dakar. Kuma ka shirya wa yajin aiki, na ƙungiyar malaman jami'a ASUU a 2022 wata takwas ya ci.