Koroshan: tsatsa ce, ko muna da kalmar da ta fi ta?

Jama'a, ina fassara wani rahoton injiniyoyi, kalma ɗaya ta Turanci ta tsaya mini a maƙogwaro: koroshan (corrosion), wato lalacewar da ruwa, iska ko sinadari ke yi wa ƙarfe a hankali. Na fara rubuta "tsatsa", sai na goge.

Dalilina shi ne, tsatsa jan garin nan ne da ke fitowa a jikin baƙin ƙarfe in ruwa da iska sun haɗu a kansa. Ido na ganinta, hannu na kankare ta. Amma tagulla ma tana lalacewa, ita kore take yi. Wa zai ce da kore tsatsa?

Abin da ya fi damuna shi ne irin wanda ba a gani. A matatar mai ta Filadelfiya a Amurka, ranar 21 ga Yuni 2019, wata gwiwar bututu ta fashe, gobara ta tashi. An sa gwiwar tun 1973, asid yana ta cin ta daga ciki har kaurinta ya koma kamar rabin katin banki. Nan ba ruwan damina, ba jan gari. Haka gadar Silba a kan kogin Ohayo, ita ma a Amurka, da ta rufta a Disambar 1967 ta kashe mutum 46: tsagar da ta jawo hakan ba ta kai milimita 3 ba, nauyi da lalacewar ƙarfen suka taru suka buɗe ta a wurin da mai duba ba ya iya leƙawa.

Wani ya kawo "zaizayar ƙarfe". Ban yarda ba, zaizaya ta ƙasa ce da bakin kogi. "Ruɓewa" kuma sai ka ji kamar ana maganar tumatir. Wata 'yar'uwa ta ce "garar ƙarfe", wallahi ta burge ni, don gara ma ciki take ci ta bar fatar azara lafiya lau. Sai dai ta fi dacewa da ɓoyayyen kawai.

Sai wani dattijo mai walda ya ce, "Yaro, mu dai cewa muke yi ƙarfen ya cinye." Na ce, "Baba, ai taya ma tana cinyewa." Ya ce, "A'a, taya suɗewa take yi."

To na tsaya a nan: cinyewar ƙarfe ga koroshan gaba ɗaya, tsatsa ta zauna a matsayin nau'i ɗaya a ƙarƙashinta, garar ƙarfe ga mai ci ta ciki. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku me kuke cewa a garejinku?