Neman kalma: me za mu kira "patina" a jikin agogo?

'Yar Rafindadi: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Gobe ƙarfe 9 na safe zan naɗi shiri a rediyo, kuma kalma ɗaya ta tsaya mani a wuya. Shirin kan tsofaffin agogunan hannu ne da yadda ake gwanjonsu a ƙasashen waje. Misalin da zan buɗe da shi: a watan Oktoba na 2017 an sayar da agogon Rolex Daytona na ɗan wasan fim ɗin Amurka Paul Newman a New York kan dala miliyan 17.8, agogon da ya sha ɗauri shekara da shekaru. A 2019 kuma aka sayar da na Marlon Brando, shi ma ɗan wasan fim, kusan dala miliyan 2, bayan shi da kansa ya karta sunansa a murfin baya. Masu tara agogo suna da kalmar "patina". Ita ce sauyin da shekaru ke kawo wa agogo: baƙar fuska ta koma ruwan ƙasa, farin lamba ya koma ruwan madara, ƙarfe ya rage ƙyalli. Su abin so ne a wurinsu, har ƙarin kuɗi suke yi a kansa. Ina son kalmar da mai sauraro a Batsari ko Mai'aduwa zai ji ya gane ba tare da na tsaya dogon bayani ba.

Ɗan Ƙofar Guga: Wa alaikumus salam. Koɗewa mana.

'Yar Rafindadi: Na fara da ita, Yaya. Amma koɗewa aibi ce. In ka ce atamfa ta koɗe ba wanda zai ƙara maka ko sisi.

Ɗan Ƙofar Guga: To tsatsa.

Malamin Kimiyya: Tsatsa ba za ta yi ba ko kusa. Tsatsa cin ƙarfe take yi, ta ɓare, ta sake cin na ƙasa har ta huda shi. Wannan kuwa a kan tagulla da jan ƙarfe rufi ce, in ta hau sai ta kare abin da ke ƙarƙashinta. Mutum-mutumin 'Yanci da Faransa ta ba Amurka a 1886 da jan ƙarfe aka lulluɓe shi, ja-ja yake da farko, iska da ruwa suka mai da shi kore cikin shekara kamar 30, kuma koren ne ke tsare shi har yau. Shi ya sa kamfanoni irin su Panerai a 2011 da Tudor a 2016 suka fito da agogunan tagulla da gangan, don launinsu ya riƙa juyawa gwargwadon zufa da iskar inda mai shi yake zaune. In muka ce tsatsa mun koya wa mutane kuskure.

Hajiya ta Sabuwar Unguwa: Shan hannu fa? Kamar carbin da ya sha hannu har ya yi sulɓi yana sheƙi.

Ɗan Ƙofar Guga: Hajiya ma'anar ta yi daidai, sai dai in aka ji "shan hannu" a rediyo gaisuwa za a ɗauka.

Malam na Daura: Kun yi nisa alhali kalmar na gabanku. Furfura. Furfurar agogo, furfurar ƙarfe. Shekaru ke kawo ta, launi take sauyawa, kuma girma take ƙara wa mai ita. Sharuɗɗa uku ɗin da yarinyar nan ta kawo duk ta cika su. Ɗiyata, rubuta furfura ki je ki kwanta.

'Yar Rafindadi: Allah gafarta Malam, ta yi mani daɗi a kunne. Damuwata ɗaya: furfura fara ce, abin da nake magana a kansa kuwa yawanci duhu yake ƙarawa, ko kore, ko ruwan ƙasa.

Malam na Daura: Aron ma'ana ba ya bin launi. Da muka ce bakin kogi, haƙora gare shi? Da muka ce hannun agogo, yatsu gare shi?

Baba Mai Agogo: Ku yi mani haƙuri in sa baki, ni ba ɗan boko ba ne, jikana ke rubuta mani. Shekarata sama da 40 a kan teburin gyara a kasuwar Katsina. Abu biyu kuke haɗawa. Akwai karcewa, akwai juyewar launi. Karcewa yau ka sayi agogo gobe ka goga shi da ƙyaure ya samu. Juyewar launi kuwa sai ta ga dama, rana da damina da zufa ne ke yin ta a hankali. Mai kawo mani agogo ba ya cewa komai sai "Baba a goge shi ya koma sabo". Wasu ko ledar bayan murfi ba su ɓarewa har ta tara dauɗa ta ci masu fata. Zamanin da alhazai ke dawowa da Rado, abin da ake yabonta da shi ke nan, ba ta karcewa. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce in bar masa tsufan agogonsa, sai mutum ɗaya, shi ma na mahaifinsa ne.

Malamin Kimiyya: Baba ya yi gaskiya, kuma Rado DiaStar tun 1962 a kan wannan ta yi suna. Ƙanwata, ga abin da zai yi maki amfani a shirin. Akwai ma'aunin tauri na Mohs, daga 1 zuwa 10. Daimon 10, gilashin saffaya da ake sa wa agoguna masu tsada 9, ƙwayar yashi 7, gilashi na gama-gari da ƙarfen jikin agogo ba su wuce 6 ba. Ma'ana yashi ya fi su tauri. Duk wanda ya share agogonsa da gefen riga cikin hunturu, ƙura na kai, da hannunsa yake zana shi. A ƙasarmu agogon da ba shi da zane sai wanda ke cikin akwati.

Ɗan Jami'a: Ni a ganina a ce "fatina" kawai a wuce. Mun ari mota, mun ari rediyo, mun ari kwamfuta. In an maimaita ta sau uku a shirin za ta zauna.

Malam na Daura: Wannan lalaci ne ya kashe mana harshe. Kullum Bature ya yi tari sai mu rubuta shi da baƙaƙen Hausa mu ce mun yi fassara. Mota ba mu da ita kafin su zo, dole mu ara. Tsufan abu mai daraja kuwa mun san shi tun kafin a san Ingila. Ku zo Daura ku ga rijiyar Kusugu. Ku tambayi fadar Katsina ko an taɓa kai takobin Gajere a wanke shi ya koma sabo. Abin namu ne, sunansa ma dole ya zama namu.

Ɗan Jami'a: Ranka ya daɗe, ita kanta "agogo" daga Yarbanci muka samo ta, ƙararrawa take nufi a can. "Sa'a" Larabci ce. Su ma Turawan Ingila daga Italiya suka ɗauko "patina". Harshen da ba ya aro shi ne wanda ba a magana da shi.

Malam na Daura: Aro daga maƙwabci daban, miƙa wuya daban. Kuma ba yaron da ya koyi Hausar littafi zai koya wa mutumin Daura Hausa ba. Daura ce tushe.

Ɗan Ƙofar Guga: Malam da girmanka, tushe a Daura yake, ba mu musu, amma ilmi a Katsina ya sauka. Hasumiyar Gobarau na nan tsaye. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ita ta yaye Abubakar Imam, shi ne editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a 1939, kuma kowa ya san ba ya ƙyamar kalmar aro in ta zauna a bakin mutane.

Malam na Daura: Sai aka ɗauki karin Kano aka ce shi ne daidaitacciyar Hausa, ku da ilminku kuna kallo. Yau ɗan Katsina kunyar cewa "tahi" yake a rediyo.

Ɗan Ƙofar Guga: Kunya gare mu ba dai tsoro ba. Kuma ba Katsinawa kaɗai suka bari aka yi hakan ba.

Hajiya ta Sabuwar Unguwa: Haba Malam, haba ɗana. Yarinya na da aiki da safe kun koma Daura da Katsina. Ni abin da ke damuna daban ne. Anya ba girman kan masu kuɗi za mu fassara wa talakawa ba? Wanda ke da agogo goma shi ke da sukunin son tsoho. Wanda ya tara kuɗin wata uku ya sayi guda ɗaya, in ya karce ranar farko zuciyarsa ce ta karce. Kada shirin ya sa mutum ya ji kamar son sabon abu ƙauyanci ne.

Ɗan Tsohuwar Kasuwa: Hajiya ki ba ni dama, ni ba mai kuɗi ba ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne, Seiko 5 ɗaya ya ɗaura tun ina yaro har ya rasu. Akwai wani zurfin zane a gefenta, kusa da maɓallin gyara lokaci, wanda ya samu ranar da jak ya zame masa yana canjin taya a hanyar Jibiya. Duk sanda aka yi maganar tsautsayi sai ya nuna mana shi ya ce da ba don agogon ba da wuyan hannunsa ne. Da aka raba gado ta faɗo kaina. Ta tsaya, na kai wa wani mai gyara a wani gari don ya wanke injin kawai. Da na koma sai ya miƙo mani ita tana walƙiya, yana murna ya yi mani alheri. Ya sa ta a injin gogewa. Zanen ya tafi, kusurwoyinta duk sun mulmule. Na biya shi na fito, na zauna a cikin mota na yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Agogon na aiki har yanzu, amma ban ƙara ɗaura ta ba. Saboda haka ni kalmar da zan ba da ita ce kanta. Irin ta tafin hannun manomi, irin ta goshin mai yawan sujada. Ba ado ba ce, shaida ce ta abin da aka yi.

Baba Mai Agogo: Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗana. Mai gyaran ya yi kuskure da bai tambaye ka ba. Gogewa ba cike zane take yi ba, cin ƙarfen da ke kewaye da shi take har ya yi daidai da zurfin zanen. Abin da ya tafi ba ya dawowa. In gilashin roba ne, wannan ko da man goge baki ana fitar da ƙananan zane, kuma ana canza shi. Jiki kuwa ni sai na tambaya sau biyu.

'Yar Rafindadi: Amin. Yaya, in ka yarda zan ba da labarin nan ba tare da suna ba. Kuma ya yi daidai da abin da na karanta: a gwanjo agogon da ba a taɓa gogewa ba ya fi wanda aka goge tsada, ko da wanda aka goge ya fi shi kyan gani.

Ɗan Tsohuwar Kasuwa: Na yarda.

Malamin Kimiyya: Kanta ta dace da gefen da gogayya ta shafa. Launin fuska fa? Ba gogayya ce ta juya shi ba, gilashi na rufe da shi. Hasken rana ne da laima suka canza fentin, shi ya sa aka fi samun irinsu a agogunan da suka zauna ƙasashe masu zafi irin tamu. Lambobin kuma sinadarin da ke sa su haske da dare ne ya tsufa. Wannan ya fi kama da rini.

Hajiya ta Sabuwar Unguwa: To rinin shekaru.

Ɗan Ƙofar Guga: Wannan ta shiga. Marina ba ta ɓata zane, daraja take ƙara masa, kuma kowane launi rini ne.

Malam na Daura: Kalma biyu ce. Furfura ɗaya ce. Kuma rini da gangan ake yin sa, mutum ke tsoma zane a baba. Furfura kuwa ba mai sa ta, Allah ke kawo ta. Wanda ma ke rini shi ne mai ɓoye furfura. Kun ɗauki kishiyar ma'anar kun ɗora.

Ɗan Jami'a: Nan kam Malam ya kama mu. Amma ai an ce na shekaru, an faɗi marinin.

Malam na Daura: Kalmar da sai an kare ta da bayani ba ta gama nuna ba.

'Yar Rafindadi: Dare ya yi, ga abin da na rubuta, ku duba mani: "Masu tara agogo ba su ɗauki tsufa aibi ba. Juyewar launin da shekaru ke kawowa, wato rinin shekaru, ko furfurar agogo kamar yadda wasu malamai ke kiranta, ita ke ƙara masa kuɗi. Zanen da aiki ya bar masa kuwa kanta ce, kuma in aka goge ta ba ta dawowa." Zan faɗi "patina" sau ɗaya a farko don masu son su bincika. Maganar Hajiya ma zan sa ta, zan ce mai son nasa ya zauna sabo dal bai yi laifi ba, ya dai wanke ƙura da ruwa ko ya hure ta kafin ya share.

Baba Mai Agogo: Ki ce ruwa sai in agogon mai hana ruwa ne kuma robar murfinsa ba ta mutu ba. In ba haka ba tsumma mai laushi da ɗan danshi. Kada a cika mani tebur jibi da agogunan da suka sha ruwa.

Malam na Daura: "Wasu malamai" ba. Ni kaɗai na faɗa, ki ce wani malami a Daura. Kuma ki sa furfura gaba, rinin ya biyo baya.

'Yar Rafindadi: Zan ce wani malami a Daura, Allah gafarta Malam. Jerin kuwa zan bar shi yadda yake, don rinin ne zan maimaita cikin shirin.

Malam na Daura: Shirinki ne. Ni a aji furfura zan ci gaba da koyarwa, mu ga wadda za ta rayu.

Ɗan Jami'a: Saura ɗaya. Yanzu kamfanoni na fito da sabon agogo da lambobi ruwan madara tun daga masana'anta, don ya yi kama da tsoho. Shi kuma me za a kira shi?

Malam na Daura: Wannan shi ne rini. Ku ba shi kalmarku, ku bar mani tawa.

'Yar Rafindadi: Ba ya cikin shirin gobe. Ƙarfe 4 na yammacin Asabar za a sa, Baba a kunna maka a kasuwa.